Liba Ta Ɗaya

Ranar da Wilf Sunter ya manta da amalanke, ina tsaye a bayansa riƙe da kofin shayi biyu. Asabar ce ta farkon watan Maris, muna saman bene a ɗakin sigina na Keldbeck, murhu na ci, tagogi duk sun yi raɓa. Minti goma kafin nan shi da bakinsa ya ba mutanenmu biyu izinin tura amalanken kayan aiki a kan dogo, su je su canza wani ruɓaɓɓen katako a bayan kwana. Shi ya rubuta a littafi, shi ya ɗaga musu hannu ta taga. Sai ƙararrawa ta buga daga Arnthwaite, uku da ɗaya, wato mai sigina na can yana tambaya ko hanya a buɗe take jirgin fasinja ya taso. Wilf ya miƙa yatsa ya maimaita masa, uku da ɗaya. A wajenmu maimaitawa ita ce amincewa.

Ban san lokacin da na saki kofunan ba. Na ture shi gefe, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya, na buga shida a jere, ma'ana akwai abu a kan hanya, a tsayar da komai. Jirgin bai ko motsa daga tasha ba. Ba abin da ya fashe sai kofuna.

"Yarinya, kin haukace ne?" in ji shi.

"Amalanke, Wilf! Amalanke na kan layi!"

Ya dube ni, ya dubi littafin, ya sake dubana. Ya ce, "Wane amalanke?"

Sunana Hazel Tiplady, shekarata sittin da ɗaya, ina da furfura da jikoki uku, amma Wilf bai taɓa kirana da komai ba sai yarinya. Na yi shekara talatin ina raba wasiƙu a ƙauyukan kwarin nan, Asabar da Lahadi kuwa a layin dogo nake wuni. Mil shida ne kacal. Gwamnati ta rufe shi tun ina rarrafe, wasu mahaukata suka sake shimfiɗa shi da hannunsu, yanzu tsohon jirgi mai hayaƙi ke ɗibar baƙi daga Keldbeck zuwa Arnthwaite ya komo. Dukanmu 'yan sa-kai ne. Mu masu gyaran sigina mu bakwai ne, ƙaraminmu ma da sandarsa yake zuwa in gwiwa ta motsa.

Babban mahaukacin shi ne Wilf. Aikin sigina ya yi wa gwamnati shekara arba'in, kuma libobi goma sha shidan da ke jere a ɗakinmu, wato sandunan ƙarfen da ake ja don motsa sigina da layi, shi ya ƙwato su daga wani ɗaki da ake rushewa, ya kwaso su a motar wani manomi, ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da na sani a hannunsa na koya, da faɗa da tsaki da harara. Bai iya yabo ba. In ka yi aiki ya yi kyau, abin da zai ce shi ne, "To, ba ta faɗi ba dai."

A cikin goma sha shidan nan akwai tasa ta kansa, liba ta ɗaya, mai launin rawaya. Ita ke ɗaga siginar nesa, wadda ke tsaye can bayan kwana kusa da gadar tumaki, yadi dubu da ɗari biyu daga ɗakin. Aikinta ta gaya wa direba tun da wuri abin da ke gabansa: in hannunta a kwance yake, ya rage gudu ya yi shirin tsayawa, in a ɗage, ya wuce abinsa. Ba a hango ta daga ɗaki, sai dai akwai allura a cikin ɗan akwatin gilashi a saman libar, mai nuna yadda hannun yake. Shekara uku Wilf ya yi yana dawo da siginar nan. Turaku ɗari da talatin ya kafa da hannunsa, kowanne da 'yar tayar da waya ke bi ta kanta. Jan wayar kuwa sai wanda ya iya. Na ga ƙarti sun ja har sun yi nishi ba ta kai ba, shi da bai fi buhun dankali nauyi ba sai ya dafa ƙafa ɗaya, ya kama da tsumma, ya saki jikinsa baya, ka ji ta shige ƙat.

Ni na kai rahoton amalanken. Doka ta ce a kai, kuma da ban kai ba shi ne mutum na farko da zai tsine mini, in da yana tuna abin da ya faru. Likita ya duba shi ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ta yi. Kwamitin layin ya zauna ƙarƙashin Desmond Capstick, tsohon likitan haƙori wanda har yau in yana maka magana bakinka yake kallo. Suka yanke cewa Wilf ba zai ƙara taɓa ƙararrawa ko wata liba mai aiki ba. Wanda ba shi da aiki a ɗakin sigina kuwa ba ya hawa, haka dokar take tun fil azal. Suka ce in yana so ya zo ya riƙa yage tikiti a bakin ƙofa. Ban ga laifin hukuncin ba, amma maganar tikitin ta sa na ji kamar in kwaɗa wa Desmond sifana.

Sati uku ba mu ga Wilf ba. Rannan da rana ina wanke hannu a famfon tasha sai ga matarsa, Enid, da jakarta a hammata. Shekara hamsin da shida suna tare, kuma duk tsawon nan ba ta taɓa son jirgin ƙasa ba.

"Hazel, ba ya cin abinci," in ji ta. "Da safe sai ya sa kayan aiki, ya ɗaura takalmi, ya zauna a kujera yana kallon ƙofa har yamma. In na tambaye shi ya ce jira yake a kira shi."

"Enid, ba ni na yanke ba."

"Na sani. Amma ke kika kai rahoto."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ni ban san komai a harkar ƙarafanku ba. Amma a cikin goma sha shida, a ce ba ko ɗaya da za a bar wa tsoho?"

Kwana biyu bayan haka Desmond ya tare ni da wata magana. Tun da jiragenmu ba sa wuce gudun mil ashirin da biyar, in ji shi, siginar nesa ba dole ba ce ta riƙa motsi. A ɗaure hannunta a kwance kawai, kowane direba ya riƙa rage gudu a gadar tumaki, mu huta da shafa wa turaku ɗari da talatin giris. Da wata rana ce da na cinye shi ɗanye. A ranar kuwa wata dabara ce ta faɗo mini.

"In aka cire wayar, libar ba ta aiki ke nan ko?" na tambaye shi.

"Ba ta aiki."

"To Wilf zai iya janta."

Ya kalli bakina. "Hazel, mutumin nan ja ɗaya zai yi ya gane ba komai a jikinta."

"Wannan kuma aikina ne. Kai dai ka sa hannu."

"Allurar fa? Zai ja ya ga ba ta motsa ba."

"Za ta motsa."

Ya daɗe yana shafa haɓa, sannan ya ce shi bai ji komai game da allura ba, kuma ba ya son ya ji.

Wata Talata cikin Afrilu, ranar da ba jirgi, na yi aikin. Na aro sikeli mai ƙugiya irin na auna ulu a wajen wani makiyayi, na maƙala wa libar na ja sau biyar, na rubuta nauyin: laba tamanin da huɗu. Na sauka ɗakin ƙasa, inda gindin libobin yake da sanduna da wayoyi, na kwance noti na zare wayar liba ta ɗaya. A madadinta na rataya tsofaffin ƙarafan birki guda uku da sifirin ɗin wata ƙofar gona, na yi ta ƙari da ragi har sikeli ya nuna tamanin da huɗu cif. Daga nan na bi layi da ƙafa har gadar tumaki, na hau tsani na ɗaure hannun siginar a kwance. Duk wannan bai dame ni ba, har ina jin kaina gwana. Abin da ya dame ni shi ne allurar. Na cire ta daga wayar da ke kawo mata labari daga siginar, na haɗa ta da gindin libar, yadda da an ja za ta nuna hannu ya ɗaga, alhali yana can a ɗaure. Shekara ashirin da shida ina gyara allurai don su faɗi gaskiya, ranar na zauna na koya wa ɗaya ƙarya.

Na je gidansu na ce masa kwamiti ya sassauta. Zai riƙa hawa ɗaki tare da mai aikin ranar, ba ƙararrawa, ba littafi, amma liba ta ɗaya tasa ce.

"Desmond ne ya ce haka?"

"Shi ne."

"Ashe wani lokacin yana tunani," in ji shi, ya juya wajen matarsa. "Enid, akwai sauran miyar nan?"

Asabar ya zo da sassafe, ya riga kowa. Da jirgin ƙarfe goma ya taso daga Arnthwaite na buɗe sauran siginonin, na ce, "Bisimilla, tsoho." Ya dafa ƙafa, ya kama da tsumma, ya saki jiki baya. Ƙat. Allura ta karkata. Ya tsaya riƙe da libar na ɗan lokaci, kansa a karkace kamar mai sauraren wani abu.

"Kin sa mata mai?"

"Na sa."

"Ya yi yawa," in ji shi. Ya koma kujerarsa ta kusa da murhu ya nemi shayi.

Haka muka shiga bazara. Kowa a layin ya san abin da ake ciki, daga masu shara har matan ɗakin shayi, kuma ba wanda ya yi suɓul da baka. Wanda ya kusa tona mu saboda tsabar zaƙewa shi ne Trevor Bainbridge, direbanmu, mutum mai faɗin ciki da faɗin baki. Duk shigowar da zai yi tasha sai ya leƙo da baƙar fuskarsa ta kwal ya kwarara ihu.

"Wilf! Siginarka ta ɗaga har ta kusa taɓa gajimare! Tun daga mil guda na hango ta!"

"Daga mil guda dutse ne a gabanka, ɗan banza," Wilf zai amsa ta taga. "Ka dubi hanya, ka bar surutu."

Na ja Trevor gefe na ce in bai rage gishiri ba zan cusa masa shebur ɗinsa a baki. Ya rantse ya daina, washegari ya ƙara.

Abin da na fi tsoro shi ne Wilf ya ce zai taka zuwa gadar tumaki ya duba siginarsa. Sau biyu ya ɗauko gwangwanin mai, sau biyu na ce Enid ta hana saboda gwiwarsa, kuma ni na shafa jiya. Bai yi musu ba, abin da ya ba ni mamaki, don Wilf ko gaisuwa ka yi masa sai ya sami abin gyarawa. Na ɗauka ciwon ne ya sanyaya shi. Ya yi ƙiba kaɗan. Enid ta dawo da kawo mana kek ɗin citta ranar Lahadi. Amma mantuwar ba ta tsaya jiran kowa ba. Wata rana ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun kafin in san shi. Wata rana ya zuba sukari a cikin gwangwanin giris ya juya da cokali. Hannunsa ne kaɗai bai manta ba, da na ce bisimilla ya miƙe.

Cikin Yuli aka yi wani zafi da ba mu saba da shi ba, kwana tara a jere, har tumaki suka daina kiwo suka kwanta a inuwar katanga. Da tsakar rana Wilf ya ja libarsa ya mayar, sannan ya ce, "Yarinya, zafin nan ya saki waya. Sauka ki ɗaure ta zagaye uku."

Na ɗauki sifana na sauka. Ba wayar da zan ɗaure, tana can a naɗe a jikin bango. Na tsuguna a cikin duhu kusa da ƙarafan birkina, na ƙwanƙwasa sifana a jikin wani ƙarfe, na yi ɗan nishi don ya ji ta cikin katakon daɓe. Kunya ta rufe ni. Mace da furfurarta tana wasan yara a ƙarƙashin ƙafar mutumin da ya koya mata aiki. Na ƙirga ɗari sannan na hau.

"Na ɗaure."

Ya ja, ya mayar. Ya dube ni ta saman tabarau. "To, ba ta faɗi ba dai," in ji shi.

Na ji sanyi a raina, na ce mun tsallake.

Ranar Talata, biyu ga Oktoba, sanyi ya sauko na farko, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Ina karin kumallo Enid ta bugo waya. Ta ce Wilf ya tashi garau yau, ya san rana, ya san wata, har ya tambayi jikarsu da sunanta, kuma ya kafe sai an kai shi ɗakin sigina yanzu, a kira Hazel. Na ce ai ba jirgi yau. Ta ce ta gaya masa, ya ce ya sani, shi ya sa.

Na tarar da su a gindin matakala. Yana riƙe da jakar leda, Enid ta ce za ta jira a mota don ƙafarta ba ta son hawa. Na buɗe ɗakin, na fara haɗa wuta a murhu. Shi kuwa ya ajiye jakar a kan teburin littafi ya fito da kayan ciki ɗaya ɗaya: samfefa, buroshi, da gwangwanin fenti.

"Yarinya, zo in yi miki jarrabawa. Liba mai launin ja, ta mece ce?"

"Siginar tsayawa," na ce, ina dariya.

"Baƙi?"

"Mai karkata layi."

"Libar da ba a haɗe take da komai ba fa, wane launi doka ta ce a shafa mata?"

Ashanar da ke hannuna ta ƙone har ta taɓa yatsana. Na dubi gwangwanin.

"Ba ki ji tambaya ba ne?"

"Fari," na ce.

"Fari. Don kada wani ya shigo ɗaki ya ga launi ya ɗauka akwai abu a bayanta." Ya tura mini gwangwanin. "Buɗe, yatsuna ba sa iyawa."

Na zauna a kan akwatin kwal. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ja na farko na yi zargi. Ranar zafin nan na tabbatar, da kika sauka kina buga mini ganga da sifana." Ya yi 'yar dariya. "Har da nishi. Haba, yarinya."

"Laba tamanin da huɗu ce, Wilf. Na auna sau biyar."

"Da me?"

"Sikelin ulu."

"Sikelin ulu!" Ya girgiza kai. "A wace rana?"

"Wata Talata, cikin Afrilu."

"To kin auna Talatar Afrilu, ita kika rataya mini wata shida. Waya yadi dubu da ɗari biyu ba ta kwana da nauyin da ta tashi da shi. Da safe cikin sanyi a tsuke take, tun ka taɓa take amsawa. Da rana ta saki, sai ka ja taƙi guda kafin ta san da kai. In an yi ruwa tayoyin suna nauyi. In tunkiya tana soshe-soshe a jikin turke na sittin, a tafin hannuna nake ji. Taki kuwa kullum ɗaya, safe da yamma, rani da damina. Ba kowa a ɗaya ƙarshen."

Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba. Na ce, "Me ya hana ka magana?"

"Enid da ta daina cin abinci saboda ni ta koma ci. Ke kin daina tafiya kamar wadda ta kashe mutum. Trevor kuma tun da nake ban taɓa jin daɗin ƙaryarsa irin bana ba." Ya dubi libar. "Kada ki ɗauka don ku kaɗai na yi. Ina son zuwa. Ko ƙarfen birki ne, ina son in ja."

"To ka ci gaba da ja mana! Wa ya hana ka? Ba wanda zai sani."

"Ranar Lahadi da ta wuce," in ji shi, "na ja ta sau shida. Duk shidan na dubi allurar nan na yarda da ita. Har ina cewa a raina siginar tana ɗagawa da kyau yau. Sai da yamma ina kwance igiyar takalmi a gida na tuna ba waya. Wuni guda cur, yarinya." Ya nuna akwatin gilashin da haɓa. "Ni kin yi mini ƙarya, na yafe, na ma gode. Amma kin bar allura tana ƙarya a ɗakin da ake tsaron ran mutane, ni kuma na zama mai yarda da ita. Irin wannan mutumin ba shi da wurin zama a nan. Yau na san haka. Gobe ban san abin da zan sani ba."

"In ta zama fara, ba ka da abin ja. Desmond ba zai bar ka ka hau ba."

"Sau ɗaya a rayuwarsa zai yi daidai. Tashi ki fara cire allurar."

Na cire ta yana tsaye a kaina yana gyara mini riƙon sukudireba. Na goge jikin libar da samfefa, garin rawaya yana zuba a kan takalmina. Na buɗe gwangwanin na juya fentin da tsinke. Da ya karɓi buroshin sai ya riƙe mini hannu.

"In na tsaya a hanya, ki ƙarasa. Ko me na ce miki. Kin ji?"

"Na ji."

"Ba ji na tambaye ki ba. Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ya fara daga sama, ƙasa da mariƙin da ake gogewa ya yi ƙyalli, yana jan buroshin a hankali, ba ɗigo ko ɗaya. Hannun da ba ya iya buɗe gwangwani ko rawa bai yi ba. Yana yi yana ba ni umarni: in naɗe wayar da kyau in sa mata mai kada ta yi tsatsa, in bar turakun a inda suke ko wani zai zo bayanmu mai hankali. Na ce to, na ce to. Wuta ta kama a murhu, na juya na ɗora buta, na wanke kofuna biyu. Ban fi minti uku da ba shi baya ba.

Shirun ne ya sa na waiwaya. Yana tsaye, buroshi a hannu, fenti na ɗiga a kan daɓe. Rabin libar fari, rabi rawaya. Fuskarsa ta canza, irin canjin da na riga na sani.

"Wa ya yi wannan?" in ji shi.

"Wilf..."

"Wa ya shafa wa libata fari? Wannan siginar nesa ce! Jirgi zai zo gadar tumaki, wa zai ɗaga masa?" Ya jefar da buroshin, ya fizgi tsumma daga aljihu ya hau goge fentin da sauri, yana ƙara dama shi, fari na hawa hannun rigarsa.

Amsar tana bakina, a shirye. In ce masa shafin ƙasa ne, rawaya za ta biyo baya in ya bushe. Kowane mai fenti ya san ana yin haka, da ya yarda nan take. Da ya zauna ya sha shayinsa, ni kuma in dawo gobe in mayar da rawaya, ranar Asabar ya zo ya ja libarsa yana murna, kuma wannan karon ba zai sake ganewa ba har abada. Ba wanda ya ji alkawarin nan sai ni, wanda na yi wa ma ya manta. Tun da nake ban taɓa son faɗin wata magana kamar yadda na so faɗin wannan ba.

Na kama hannunsa na zare tsumman.

"Ba waya a jikinta, Wilf. An cire tun Afrilu. Hannun siginar a ɗaure yake."

"Wa ya cire?"

"Ni."

Ya zuba mini ido. "Ke? Shekara uku na yi ina kafa turakun nan."

"Na sani."

"Ba ni na koya miki aikin nan ba?"

"Kai ne."

"To ban koya miki da kyau ba," in ji shi.

Na leƙa ta taga na yafito Enid, ta hawo da ƙyar tana dafa bango. Ta dubi libar, ta dubi hannun rigarsa, ta dube ni, ba ta yi tambaya ba. Ta ce, "Zo mu je gida, Wilfred, shayi ya yi sanyi." Ya bi ta kamar yaro. A bakin ƙofa na miƙa hannu zan taimake shi da matakala, ya janye nasa.

Na tsaya har motarsu ta fita daga harabar tasha, sannan na tsinci buroshin a ƙasa na cire masa ƙura, na gyara inda ya dama, na shafe sauran har gindi. Rawaya ba ta ɓuya da shafi ɗaya. Sai da na dawo ranar Alhamis na sake shafawa, ni kaɗai.